Gargaɗi ga masu tara sojojin wasa game da wani ɗan damfara da ke sayar da jabu

Wannan gargaɗi ne ga duk wani magidanci da ke tara ƙananan sojojin wasa na dalma ko na roba a Gusau da Kaura Namoda da Talata Mafara, da kuma 'yan uwanmu na Zuru da Birnin Kebbi waɗanda muke musayar kaya da su. Akwai wani mutum da ya shigo cikinmu ta Facebook da WhatsApp yana tallar tsofaffin sojojin dalma waɗanda ya ce na zamanin Turawa ne, ya karɓi kuɗin mutane da dama, waɗansu bai aiko musu da komai ba, waɗansu kuma ya aiko musu da jabun da ka iya cutar da 'ya'yansu. Ba zan rubuta sunansa ba, domin sunan da yake amfani da shi yana sauyawa daga wannan mai saye zuwa wancan, kuma da alama hoton da ke shafinsa na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Abin da ya ba shi damar daɗewa yana wannan zamba shi ne kunyar da yawancinmu ke ji game da abin da muke tarawa. Mutum mai mata da 'ya'ya, wani ma da jikoki, idan aka shiga ɗakinsa aka tarar da jerin sojoji 'yan mitsi-mitsi a cikin kabad ɗin gilashi, abin da zai fara ji daga baƙo shi ne dariya, a ce girma ya faɗi, a ce Malam ya koma wasan 'yar tsana. Wani kuma ba dariya zai yi ba, zai ɗaure fuska ya ce an ajiye gumaka a gida. Wannan magana ta biyu tana da nauyi, ban raina ta ba, kuma hukuncinta yana hannun malamai, don haka duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa. Abin da nake magana a kai shi ne sakamakon wannan matsi: mun saba saye a ɓoye, mu karɓi saƙo a tasha a ɓoye, mu ɓoye wa iyali nawa muka kashe. Mutumin nan ya fahimci haka sarai. Ya san cewa wanda aka cuta a cinikin shinkafa ko babur zai tara jama'a ya yi kururuwa, amma wanda aka cuta a cinikin sojan wasa zai haɗiye abin, domin ba ya son a tambaye shi a majalisa ko a ofishin 'yan sanda abin da ya je saye.

Yakan fara ne da yabo. Idan ka taɓa sa hoton sojojinka a wani zaure, ko ka yi tsokaci a ƙarƙashin hoton wani, sai ya biyo ka ta saƙon sirri, ya kira ka Alhaji ko ranka ya daɗe, ya ce shi ma 'yan uwansa sun daɗe suna yi masa ba'a a kan wannan sha'awa, kuma ya ji daɗi da ya sami wanda ya san darajar tarihi. Ba ya kawo maganar ciniki a ranar farko. Sai an saba, sannan ya ce akwai wani akwati da ya gada daga kakansa wanda ya yi yaƙin Bama (wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu), wai wani hafsan Bature ne ya ba shi kyauta, kuma larurar asibiti ce ta sa zai rabu da shi. Ga wani ya ce an yi sojojin ne don tunawa da zuwan Sarauniya Elizabeth Nijeriya a 1956. Wannan labari yana kama zuciyar mutanen yankinmu, musamman na ƙasar Zuru inda da wuya a sami zuri'ar da ba ta ba da soja ba, domin da gaske ne kakanninmu sun shiga rundunar Afirka ta Yamma da aka kafa a 1897 ƙarƙashin Lugga, kuma da gaske ne runduna ta 81 da ta 82 sun yi yaƙi a Bama. Wanda ya tashi yana ganin hoton kakansa da kaki da jar dara a bango, idan aka nuna masa ɗan soja mai irin wannan shiga, hankalinsa ba ya tsayawa a kan farashi. Ni abin da ya fi ɓata mini rai ke nan a cikin lamarin, yadda ya mai da sunan mazan jiya abin neman kuɗin haram.

Hotunan da yake turowa masu kyau ne ƙwarai, saboda ba nasa ba ne. Ya kwaso su daga shafukan gidajen gwanjo na Ingila. Ɗaya daga cikinmu ya sa hoton a Google Lens, manhajar da ke binciko asalin hoto, sai ga shi ya fito a wani gwanjo da aka daɗe da kammalawa, kuma bayanin da ke ƙarƙashinsa ya nuna sojojin King's African Rifles ne, ƙirar kamfanin sojojin wasa na Britains, wato rundunar Afirka ta Gabas, ta ƙasashe irin su Kenya da Uganda, wadda ba ita ce rundunar kakanninmu ba.

Daga nan sai batun kuɗi. Yakan nemi rabin farashi a matsayin kafin alƙalami, ya ce akwai wani mai saye daga Abuja da ke matsa masa, amma ya fi son kayan su tsaya a hannun ɗan Arewa. Lambar asusun da yake bayarwa ba ta taɓa ɗaukar sunan da ya gabatar da kansa da shi ba. Kullum ta ƙaninsa ce, ko ta matarsa, ko ta wani mai POS a unguwarsu. Bayan an tura, sai ya aiko da hoton kwali a ɗaure da lambar wani wai direba. Washegari direban ya kira a firgice ya ce an tsare motar a shingen bincike, jami'an tsaro sun buɗe kwalin sun ga kayan da suka shafi soja, kuma idan ba a turo kuɗi an kashe maganar ba, za a nemi wanda sunansa ke jikin kwalin. Duk wanda ke zaune a Zamfara ya san abin da irin wannan magana ke yi wa zuciya a halin tsaron da muke ciki. Mutum ya tuna cewa sunansa da lambarsa ne a rubuce, ya tuna cewa zai tsaya gaban jami'ai da maƙwabta yana bayanin abin wasa, sai ya tura. Ga waɗanda ya ce kayansu daga waje za su zo, kuɗin fito na kwastam yake ƙirƙira, alhali kuɗin fito ba a biyan sa a asusun wani mutum. Idan ya ga ruwa ya ƙare, sai ya kashe layin, ya yi ɓatan dabo.

Waɗanda suka karɓi kaya a hannu sun fi ba ni tsoro. Na riƙe guda daga cikin abin da aka aiko wa wani abokinmu a nan Gusau. Ɗan soja ne da bai kai tsawon yatsa ba, amma nauyinsa ya cika tafin hannu, fuskarsa a damuje babu hanci babu ido sosai, akwai tudun layi da ya bi gefen jikinsa daga kafaɗa zuwa ƙafa inda bakin mazubi ya haɗu, fentin kuma na ƙofa ne mai ƙyalli, an shafa masa toka da baƙin mai don ya yi kama da tsoho. Da abokin namu ya goga ƙasansa a farar takarda, sai ya bar baƙin zane kamar fensir, kuma farce yana shiga jikinsa. Dalma ce zalla, irin wadda ake narkawa daga tsohon batirin mota.

Na gaskiya ba haka yake ba. Abin da ya ɗaukaka kamfanin Britains na Landan shi ne dabarar da William Britain ƙarami ya fito da ita a 1893, ta zuba narkakken ƙarfe a mazubi a juye shi nan take, sai abin da ya daskare a jikin mazubin ya zama ɓawo, cikinsa ya zauna fanko. Wannan ya rage tsadar kaya har suka iya karawa da sojojin Jamus masu cikakken ciki da suka mamaye kasuwa a lokacin. Saboda haka tsohon sojan Britains ba shi da nauyi, sau da yawa ana ganin ɗan ƙaramin rami a saman kansa inda ragowar ƙarfen ya fita, tsawonsa kusan milimita 54 ne, kuma galibi akwai sunan kamfanin a ƙasan abin da yake tsaye a kai. Da yawa suna da hannu mai motsi. Kamfanin ya daina yin irin waɗannan na dalma a 1966 saboda damuwa game da guba, sai ya karkata ga roba, kuma a 1971 ya fito da samfurin Deetail, sojan roba a kan gindin ƙarfe. Duk wanda ya ce maka yana da kwalaye cike da sojojin dalma na kafin yaƙin duniya na biyu, kowanne da fentinsa garau, a farashin da bai kai na buhun masara ba, ka san araha ba ta ado. Ko na ƙarfe da kamfanoni ke yi a yau don manya, irin na King & Country da ke Hong Kong, ana bayyana cewa ba kayan wasan ƙananan yara ba ne.

A Zamfara ba ma bukatar wanda zai koya mana illar dalma. A 2010 ne aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, kuma yara fiye da 400 suka rasu, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da hukumomi kuma suka shiga aikin magani da kwashe gurɓatacciyar ƙasa a wurare irin su Dareta da Bagega. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Ɗan sojan da uba ya ɓoye a ƙarƙashin gado don kada matarsa ta gani, shi ne mai rarrafe zai tono ya sa a baki. Wanda ke jera kayansa a fili cikin kabad mai makulli, iyalinsa sun san mene ne kuma sun san haɗarinsa, ya fi kare 'ya'yansa. Wannan ya shafi na gaskiya ma, domin tsohuwar dalma kan yi farin gari a jikinta idan ta ji laima, kuma garin nan guba ne.

Game da ba'ar da ake yi mana, ya kamata a sani cewa wannan sha'awa tana da gidajen tarihi nata. A garin Kulmbach na Jamus akwai gidan tarihi a fadar Plassenburg mai ɗauke da ƙananan mutane na kuza fiye da 300,000. Attajirin Amurka Malcolm Forbes ya taɓa buɗe gidan tarihin sojojin wasa a Tanja ta Maroko, a nan nahiyarmu. Tsohon firaministan Birtaniya Winston Churchill ya rubuta cewa yana da sojojin wasa kusan 1,500 a ƙuruciyarsa. Ban kawo su don mu yi koyi da Turawa ba. Na kawo su ne domin mai bin diddigin kakin kowace runduna da shekarar da aka sauya shi yana nazarin tarihi ne da hannunsa, kuma ba shi da dalilin sunkuyar da kai idan ya je kai ƙarar wanda ya sace masa kuɗi.

Kafin ka tura ko sisi, ka nemi mai kaya ya kira ka ta bidiyo, ya ɗaga sojan, ya juya ƙasansa, ya nuna saman kansa, ya ajiye shi kusa da takardar da aka rubuta sunanka da kwanan watan ranar. Mutumin da nake magana a kai bai taɓa yarda da wannan ba. Kullum kyamararsa ta lalace ko babu sabis. Ka dubi sunan da banki ya nuna maka kafin ka danna turawa, idan ya saɓa da na mai magana da kai ka dakata. Idan kayan suna Kano ko Kaduna ko Sakkwato, ka tura ɗan uwa ko aboki ya gani da idonsa ya biya hannu da hannu, ko da hakan na nufin sai ka gaya masa abin da kake tarawa. Idan kuma aka kira ka da labarin shingen bincike, ka tambayi sunan tashar da motar ta tashi, ka kira 'yan kamashon tashar da kanka.

Wanda aka riga aka cuta ya hanzarta zuwa bankinsa da rasit ɗin turawa ya shigar da ƙorafi a rubuce, domin jinkiri ne ke ba su damar kwashe kuɗin. Kada ya goge hirarrakin saboda jin nauyi; ya ɗauki hotonsu tare da lambobin waya da na asusu, ya kai wa 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda ke da ofishi a Sakkwato. Karɓar kuɗin mutum ta hanyar yaudara laifi ne ƙarƙashin dokar zamba ta 2006, kuma dokar ba ta ware irin kayan da aka yaudare ka a kansu ba. Waɗanda muka san an cuta suna haɗa bayanansu wuri guda, domin asusun da ya bayyana a ƙorafin mutane da yawa ya fi saurin jan hankalin masu bincike. Wanda kuma jabun ya riga ya shigo gidansa, ya ɗaure shi a leda ya kulle inda yaro ba zai kai ba, ya wanke hannu da sabulu, kada ya kankare shi ko ya sa shi a wuta, kuma ya riƙe shi a matsayin shaida. Idan yana zargin wani yaro ya tsotsa ko ya tauna, ya kai shi asibiti ya faɗa wa likita a fili cewa dalma ce, ya nemi a gwada jininsa.