Kiwon tarantula a Yamai: wace iri za a saya, a wane akwati, a kan wace ƙasa

Wanda ya yi niyyar kiwon tarantula, wato babban gizo-gizon nan mai gashi na dangin Theraphosidae, yakan fara da tambayar launinta da kuɗinta, alhali abin da ya kamata ya fara bincikawa shi ne yadda take zama a ƙasarta ta asali. Masana sun ƙidaya iri fiye da 1,000 a wannan dangi, kuma masu kiwo sun kasa su gida uku: masu zama a doron ƙasa suna fakewa a gindin dutse ko kututture, masu haƙa rami mai zurfi su kwana su wuni a ciki, da masu hawa itace su saƙa ɗaki a kogonsa. Daga wannan rabon ake sanin girman akwatin da za a saya da zurfin ƙasar da za a zuba. A Yamai batun zurfi ya fi nauyi, domin yawancin tarantulan da ake kiwo sun fi samun lafiya tsakanin digiri 24 da 28, mu kuwa zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40, ga ɗaukewar wuta da ke tsayar da fanka da na'urar sanyaya ɗaki a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. A daji rami ne ke tsare tarantula daga zafin rana da bushewar iska, kamar yadda ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano sanyi da tsakar rana, saboda haka duk akwatin da bai ba ta damar yin ƙasa ba ya raba ta da babbar kariyarta.

Masu hawa itace, irin su Avicularia na Kudancin Amurka da Caribena versicolor ta tsibirin Martinique, sun fi ɗaukar ido, amma ba na ba mazaunin Yamai shawarar ya fara da su. Suna zama a saman akwati inda zafi ke taruwa, suna bukatar laima tare da iska mai ratsawa, kuma haɗa waɗannan biyu a watan Maris, lokacin da laimar iska kan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, aiki ne mai wuya ko ga gwani. Heteroscodra maculata da Stromatopelma calceatum, duk da kasancewarsu ƴan Afirka ta Yamma, suna da saurin gudu da dafi mai zafi, ba su dace da gidan da ke da yara ba.

Zaɓi na gaskiya yana tsakanin masu doron ƙasa da masu rami. A cikin masu rami akwai Pelinobius muticus ta Kenya da Tanzaniya, wadda faɗinta daga ƙafa zuwa ƙafa kan kai santimita 20, mai kaurin ƙafafun baya da take turo ƙasa da su. Akwai Ceratogyrus darlingi ta kudancin Afirka, mai ɗan ƙaho a gadon baya, wadda ta saba da busasshiyar ƙasa. Akwai kuma Hysterocrates gigas ta Kamaru, wadda ke son ƙasa mai danshi koyaushe. Aikinsu abin sha'awa ne ƙwarai. Tarantula takan kankare ƙasa da fiƙoƙinta, ta dunƙule ta, ta ɗauko dunƙulen zuwa bakin rami ta yar, sannan ta shafe bangon ramin da yana don kada ya rufta, har ta shimfiɗa zaren yana a ƙofa wanda ke sanar da ita motsin duk ƙwaron da ya taka. Sai dai mai saye ya san cewa bayan ta gama ginin zai iya yin makonni bai ga komai ba in ban da ƙafafu biyu a bakin rami da dare. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙari a kan haka, tarantulan Afirka da Asiya ba su da gashin ƙaiƙayin da na Amurka ke karkaɗowa don kare kai, don haka makaminsu cizo ne, kuma cizon yana da zafi sosai, yana iya jawo ɗaurewar jijiyoyi na kwanaki.

A ganina mai farawa ya tsaya a kan masu doron ƙasa na nahiyar Amurka, waɗanda suke haƙa idan sun samu ƙasa amma suke yawan zama a fili. Tliltocatl albopilosus ta Nikaragwa da Kosta Rika, mai murɗaɗɗen gashi, tana da haƙuri da juriya, tana cin abinci ba wahala, kuma tana son haƙa musamman tana ƙarama. Aphonopelma chalcodes ta hamadar Arizona ta saba da rani, girmanta ne kawai yake da jinkiri. Brachypelma hamorii ta gaɓar tekun Pasifik a Meziko, mai jan gwiwa, ita ce aka fi sani, kuma macenta na iya wuce shekara 20 a raye, abin da ya kamata mai saye ya auna da kyau kafin ya ɗauki nauyinta. Namiji ko na wane iri ne ba ya daɗewa bayan ya balaga, saboda haka a tambayi jinsi kafin a biya. Theraphosa blondi, wadda faɗinta kan kusan santimita 30, ƴar dajin ruwan sama ce, ɗakunanmu na bazara ba su yi mata ba. A kuma lura cewa Brachypelma da Tliltocatl suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirrai, wadda Nijar ke cikinta, kuma an saka Poecilotheria na Indiya da Sri Lanka a jerin a shekarar 2019, don haka ƙetare iyaka da su yana bukatar takardar izini, kuma wadda aka haifa a hannun masu kiwo ta fi wadda aka kamo a daji lafiya da halacci.

Akwatin gilashi irin na kifi, wanda mai yankan gilashi zai haɗa da silikon, shi ne ya fi kyan gani, ba ya karcewa, kuma idan tarantula ta haƙa a jikin bango ana ganin ramin daga waje. Illarsa uku ce. Iska tana shiga ta sama kaɗai, don haka da damina laima kan kwanta a ciki funfuna ta tsiro; yana da nauyi idan an cika shi da ƙasa, ga shi ana bukatar matsar da shi zuwa ɗaki mafi sanyi idan bazara ta tsananta; sannan yawanci ana rufe shi da wayar raga, wadda ƙananan faratan ƙafar tarantula ke maƙalewa a cikinta har ta rataye ko ta rasa ƙafa. Akwatunan da ake kawowa daga waje, irin na kamfanin Exo Terra, an yi su da kyau, amma masu buɗewa ta gaba ƙofarsu tana farawa ne kaɗan daga ƙasa, ba su ɗaukar zurfin da mai rami ke so, kuma da yawansu sun yi tsayi ga mai doron ƙasa.

Akwatin roba mai haske mai murfi da maƙalli, irin wanda ake ajiye tufafi ko kayan abinci a ciki, shi na fi amincewa da shi, ko da yake ba shi da kwarjini. Ana samun irinsa a Babbar Kasuwa da Katako, ba shi da nauyi, kuma ana iya huda shi yadda ake so: a ɗora ƙusa a wuta, a jera ƙananan huji a gefe biyu masu fuskantar juna sama da inda ƙasa za ta tsaya, a ƙara wasu a murfi, ta yadda iska za ta ratsa. Kowane huji ya kasance bai kai faɗin gadon bayan dabbar ba, domin duk inda wannan ɓangare ya wuce sauran jiki zai bi. A danna kusurwoyin murfin tun a kasuwa, saboda babbar tarantula tana da ƙarfin ɗaga murfi mai sako-sako. A guji robar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko sabulun gari a ciki.

Ana auna akwati da faɗin dabbar daga ƙafa zuwa ƙafa. Tsawonsa ya kai kamar ninki uku na faɗinta, kuma tazarar da ke tsakanin ƙasa da murfi kada ta wuce faɗinta sau ɗaya da rabi, domin cikin tarantula yana da taushi, faɗowa daga ƴar tazara kan fasa shi, kuma da wuya ta tashi daga wannan rauni. Mai doron ƙasa za ta wadatu da zurfin santimita 10 zuwa 15, kuma a Yamai gara a kusanci 15. Babbar mai rami tana son 25 ko 30. Jaririya kuwa ƙaramin gwangwanin roba ya ishe ta, don a babban akwati ba ta samun abincinta, mai ita ma ba ya samunta.

Ƙasar da za a zuba ita ce inda aka fi yin kuskure. Yashi zalla, wanda ya fi komai sauƙin samu a nan, ba ya riƙe rami. Tsakuwa tana ji wa ciki rauni, garin katako daga wurin kafinta yana iya ɗauke da man itace ko maganin gara, ƙasar masu sayar da shuke-shuke kuma galibi an gauraya ta da taki. Niƙaƙƙen ɓawon kwakwa da ake sayarwa a dunƙule a jiƙa shi da ruwa yana da tsabta kuma yana riƙe danshi, amma idan iskar hunturu ta busar da shi sai ya zama gari, ramin ya rufta. Abin da ya fi riƙe rami shi ne haɗi: ƙasar gona wadda ba a yi wa feshi ko taki ba, da ɓawon kwakwa, da ɗan yumɓu kaɗan. A gwada shi da hannu. A damƙi cikin tafi a matse. Idan ruwa ya ɗiga ya yi yawa, idan ya wargaje da buɗe hannu yumɓu ya yi kaɗan, idan ya tsaya a dunƙule kuma yatsa ya iya fasa shi to ya yi. Ƙasar da aka ɗebo daga waje a gasa ta a tukunya ta huce tukuna, saboda ƙwan kiyashi da sauran ƙwari. A zuba ta kashi-kashi ana dannawa, sannan a fara mata ɗan rami da yatsu a jikin bango, sau da yawa nan za ta ci gaba da haƙa. Danshi ya zauna a can ƙasa, saman ya bushe, kuma hanyar yin haka ita ce zuba ruwa kaɗan a kusurwa ɗaya maimakon fesa ko'ina.

Sauran kayan ba su da tsada. Rabin kasko ko fasasshen tulu irin na Boubon, garin maginan tukwane da ke kusa da Yamai, a goge kaifin bakinsa a binne rabinsa, ya isa mafaka. Ƙaramin mazubin ruwa mara zurfi ya zauna a cike kullum, ba tare da soso ko auduga ba. Fitilar ɗumama da tabarmar ɗumama da ake tallatawa ga masu kiwo a Turai ɓarnar kuɗi ce a nan, har ma haɗari ce, domin tarantula tana gudun zafi ne ta hanyar yin ƙasa, idan kuwa zafin daga ƙasa yake fitowa ta faɗa cikinsa. Ma'aunin zafi ya fi su amfani. A ajiye akwatin a ɗakin da ya fi sanyi, kusa da daɓe, nesa da taga, a kan ɗan teburin da aka sa ƙafafunsa cikin ruwa saboda kiyashi. Ɗakin da ake fesa maganin sauro ko ake kunna na hayaƙi bai dace ba ko kaɗan, domin abin da ke kashe sauro yana kashe gizo-gizo. Haka nan fara da gyare da aka kamo a gona ko kyankyason gida suna iya zuwa da guba, don haka a tanadi hanyar kiwon ƙwarin abinci kafin dabbar ta iso.

Akwai halin da mai saye zai gamu da shi ko ba jima ko ba daɗe: tarantula ta ƙi abinci, ta shige rami, ta toshe ƙofa da ƙasa da yana. Yawanci shirin saɓa take yi, kuma hakan kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Kada a tone ta, kada a jefa mata gyare, domin ƙwaro mai rai yana iya cizon ta tana tsakiyar saɓa ba ta da ikon kare kai. Idan an gan ta kwance a rigingine, haka ake saɓa, a bar ta. Alamar mutuwa ita ce ƙafafu a naɗe ƙarƙashin jiki tana kife. Bayan ta buɗe ƙofa da kanta a jira mako ɗaya zuwa biyu, sai fiƙoƙinta sun koma baƙi sun yi ƙarfi, sannan a ba ta abinci, ruwa kuma ya kasance a mazubi duk tsawon wannan lokaci.