Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Legas kan masu tallan tafiyar hawan duwatsun Nepal

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata talla da ke yawo a guruf-guruf ɗin WhatsApp na mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Obalende, ana kuma ganinta a Instagram da Facebook. Hotunan duwatsu ne masu dusar ƙanƙara, da alkawarin a kai mutum Nepal ya zaga kwarurukan Annapurna da ƙafa ko a keke, ya haye mashigar Thorong La, ya dawo Legas cikin kwana bakwai. Suna cewa biza a filin jirgin Kathmandu, babban birnin Nepal, ake buga ta, gurbi ya kusa cika, a tura rabin kuɗi kafin alƙalami. Don Allah kada kowa ya tura ko sisi. Tallar da kanta ta tona asirin masu ita.

Mu fara da biza, don ita kaɗai ta isa hujja. Gaskiya ne Nepal tana bai wa 'yan ƙasashe da yawa biza a filin jirgi, amma Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da aka cire daga wannan sauƙi, tare da Ghana, Kamaru, Laberiya, Habasha, Somaliya da Zimbabuwe. Mai koren fasfo sai ya samo biza daga ofishin jakadancin Nepal tun kafin ya hau jirgi, kuma ofisoshin jakadancinsu a Afirka suna Alƙahira ne da Pretoria. Wanda ya ce maka ka taho kawai za a buga maka a can, ko dai bai san aikin ba ko kuma ya san ba za ka taɓa tashi ba. Tun a filin jirgin Murtala Muhammed ma kamfanin jirgi zai duba fasfonka ya hana ka shiga.

Sai tikiti. Babu jirgi kai tsaye daga Legas zuwa Kathmandu, sai an ya da zango a wuri kamar Doha ko Istanbul. Dabarar da suke yi ita ce su kama maka kujera ba tare da biyan kuɗi ba, su turo maka takarda mai sunanka da lambar ajiya mai haruffa shida. Idan ka duba a shafin kamfanin jirgin a ranar, za ka ga sunanka, hankalinka ya kwanta, ka cika musu kuɗi. Bayan 'yan kwanaki ajiyar ta goge da kanta saboda ba a biya ba. Abin da za ka nema shi ne lambar tikiti mai alƙaluma 13. Ta Qatar Airways tana farawa da 157, ta Turkish Airlines da 235. Ka ɗauki lambar, ka kira kamfanin jirgin da kanka, ka tambaya ko an biya. Idan kuma kuɗin da suka sa wa dukan tafiyar bai kai kuɗin tikitin zuwa da dawowa kaɗai ba, to banza ba ta kai zomo kasuwa.

Amma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne kwana bakwai ɗin nan, domin ko da a ce mutanen kirki ne kuma sun kai ka, wannan jadawali zai iya kashe ka. Thorong La tana da tsayin mita 5,416. A can, iskar shaƙa da mutum ke samu a kowane numfashi kusan rabin wadda ya saba da ita ce a Legas, garin da ke daidai da bakin teku. Jiki yana sabawa, amma a hankali. Ƙa'idar da likitocin hawan dutse suka tsayar ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu a huta yini guda ba tare da an ƙara hawa ba. Shi ya sa duk jadawalin gaskiya yake da kwana biyu a Manang, wajen mita 3,500, inda ƙungiyar Himalayan Rescue Association take da ɗakin shan magani. Daga nan a kwana a Yak Kharka, a kwana a Thorong Phedi, sannan a tashi tun kafin asuba a haye, a gangara Muktinath kafin iskar rana ta taso. Zagayen kan ɗauki mako biyu ko fiye, ban da kwanakin jirgi. Ka ce su turo maka jadawali mai sunan garin kwana da tsayinsa na kowace rana. Ɗan damfara ba ya iya wannan, sai dai ya ce maka komai yana hannu.

Ciwon tsauni yana farawa da ciwon kai, tashin zuciya, rashin cin abinci da rashin barci. Idan ya tsananta, ruwa kan taru a huhu, mutum yana zaune yana haki yana tari mai kumfa, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura ya riƙa tangaɗi yana surutai. Maganinsa na farko sauka ƙasa ne nan take, ko da tsakar dare. Ƙarfin jiki ba ya karewa, ɗan ƙwallo ma yana kamuwa. Akwai ƙwayar acetazolamide da ake sha miligiram 125 sau biyu a rana don taimaka wa jiki sabawa, amma likita ne zai rubuta, kuma ba ta maye gurbin hawa a hankali.

Ga wani abu da ya shafe mu mu 'yan Najeriya musamman, wanda ba za ka taɓa ji daga bakin masu tallar ba: sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne. Mai AS yana zaune lafiya a gida, amma a wuri mai tsayi sosai jini kan iya toshewa a saifa, ya ji ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Mai SS kuwa kada ya kusanci wannan tafiya. Kamfanin da ya san aikinsa zai tambaye ka lafiyarka kafin ya tambaye ka kuɗi. Ka yi gwajin jini, ka ga likita.

Sun kuma sa tafiyar a Yuli da Agusta wai don hutun makaranta. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce a Nepal, ƙasa tana zaftarewa ta toshe hanyar shiga yankin, wato ta Besisahar zuwa Chame. Lokacin tafiya shi ne Oktoba da Nuwamba, sai Maris zuwa Mayu. Ko a lokacin ma sai da lura: a Oktoban 2014 guguwar dusar ƙanƙara ta kashe fiye da mutum 40 a wannan yanki, da yawansu a kusa da Thorong La.

Masu son keke, tallar ta ce za a ba ku keke kyauta. Ku tambayi irinsa da girmansa da irin birkinsa. Daga saman mashigar zuwa Muktinath gangare ne na kusan mita 1,600 a kan tsakuwa, yana cinye lainin birki, don haka ana tafiya da na canji aƙalla saiti biyu, da mahaɗin sarƙa, da famfo da kayan faci. Ranar hayewa kuma tura keken da ɗaukarsa sun fi tuƙi yawa.

Takardun shiga yankin ba su da tsada. Izinin gandun Annapurna, wato ACAP, rupi 3,000 ne na Nepal, kuma da sunanka da hotonka ake fitar da shi. Tun watan Afrilun 2023 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta ce baƙo ya yi tafiya da ɗan jagora mai lasisi. Saboda haka dole akwai kamfani a Nepal da zai karɓe ku. Ka nemi sunansa, ka duba ko yana cikin TAAN, ƙungiyar kamfanonin tafiyar duwatsu ta Nepal, ka rubuta masa ta adireshin da ka samo da kanka, ka tambaye shi ko ya san wannan dillali na Legas. Inshora ma ka karanta ta da kyau, domin da yawa ba sa biyan abin da ya faru a sama da mita 3,000 ko 4,000. Ka nemi wadda ta rubuta ƙarara cewa ta haɗa da ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu har zuwa mita 6,000. A 2018 gwamnatin Nepal ta binciki kamfanonin da ke gaggauta hawa da baƙi, su kira jirgin ceto ba bisa buƙata ba, su raba kuɗin inshora da asibitoci, don haka jadawali mai sauri abin tuhuma ne ta kowace fuska.

A nan gida, ka duba sunan kamfanin a shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka duba ko yana cikin NANTA, ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta Najeriya, ka je ofishinsu da ƙafarka. Kada ka tura kuɗi asusun da ke ɗauke da sunan mutum, kuma kada ka miƙa fasfonka ga wanda ka haɗu da shi a gareji ko a bakin masallaci. Hotunan tallar ka saka su a Google Lens, manhajar binciken hoto, za ka ga inda aka sato su.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa yanzu ya nemi a kai ƙorafi ga bankin da kuɗin ya shiga don a riƙe asusun, saboda cikin sa'o'i suke kwashewa. Ya adana rasit da lambar asusu da hotunan hirarsu kafin su goge saƙonni, sannan ya kai takardar koke ofishin EFCC da ke titin Awolowo a Ikoyi, ko sashen 'yan sanda na musamman mai yaƙi da damfara da ke titin Milverton. Idan ku da yawa ne aka cuta, ku haɗa koken wuri ɗaya ku je tare.