Haldex ko Torsen: Wanne Ya Fi Jure Ƙarin Ƙarfin Inji?

Ɗan'uwa, ka tambaya idan za ka ƙara wa mota mai jan ƙafa huɗu ƙarfi, wace ce ta fi jurewa, mai Haldex ko mai Torsen, wato na'urori biyu da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Bari mu fara da lissafi. A ce inji yana ba da ƙarfin murɗa 400 Nm (newton-mita, ma'aunin ƙarfin murɗa), giya ta ɗaya ta ninka shi sau 3.5, aksil ya sake ninkawa sau 4. Abin da ke isa tayoyi 5,600 Nm ke nan. A mota mai jan ƙafa biyu, in ka saki kuloci da ƙarfi, tayoyi kan zame, ƙarfin ya bi hayaƙi. A mai ƙafa huɗu da wuya su zame, sai dukan ya sauka kan ƙarfe. Nan ne ɓarnar take.

Torsen, wanda ke cikin tsofaffin Audi A4 da A6 quattro, haƙoran ƙarfe ne zalla, babu faranti, babu famfo, babu kwamfuta. Da wuya shi ya fara karyewa. Akwatin giya ko shaf ne ke riga shi. Rauninsa kawai, in taya ta rasa riƙo gaba ɗaya, ba ya iya kulle kansa.

Haldex, wanda ya shigo a 1998, yana cikin irin su tsofaffin Golf R da Audi S3. Farantan kuloci ne a cikin mai, famfo yana matse su. In ƙarfin ya fi abin da za su riƙe, zamewa suke, man ya yi zafi, baya ya rage ja, motar ta koma kamar mai jan gaba. Ba a ji ƙara, shi ya sa masu ita kan daɗe ba su gane ba. Na sha ganin an zargi kuloci, alhali datti ne ya toshe rariyar famfon saboda an ƙi sauya mai. Sannan a mai Haldex akwai wani ƙaramin akwatin giya da ke karkata ƙarfi zuwa farfela, sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya: haƙoransa ƙanana, mansa kaɗan, kuma shi ke shan kowane tashin fisga.

Ni dai, don ƙarfi mai yawa da tuƙi mai zafi na dogon lokaci, Torsen zan ɗauka. Don ƙari matsakaici, Haldex mai sabon mai ya wadatar. Kowanne ka zaɓa, tayoyin nan huɗu su zama girma ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya, domin bambancin zagayensu kaɗai yana sa na'urar da ke raba ƙarfin ta yi ta aiki ko a miƙaƙƙen titi.