Tantance lambar VLAN: `(( ))` ko `case`?

Ɗan'uwa, ka ce a wurin aikinku can Tahoua rubutunka na shell (jerin umarnin Linux da aka rubuta a fayil) yana karɓar lambar VLAN (lambar da ke ware wani ɓangare na hanyar sadarwa) daga hannun ma'aikaci, ya miƙa ta ga `ip link add link eth0 name eth0.$n type vlan id $n`, kuma kana son sanin wanne ya fi tsaro wajen tantance lambar, `(( ))` ko `case`. Ni `case` zan ba ka.

`(( n > 0 ))` gajere ne, shi ya sa ake son shi. Sai dai bash, wato manhajar shell da ke gudanar da rubutun, ba dubawa yake yi ba, lissafi yake aiwatarwa. In wani ya rubuta `a[$(reboot)]` maimakon lamba, bash zai gudanar da umarnin da ke ciki, wato ya sake kunna na'urar, ga shi kuma irin wannan rubutu da ikon root, wato cikakken iko a kan na'urar, yake tafiya. Ko babu mugun nufi akwai tarko: lambar da ta fara da sifili, bash yana karanta ta a tsarin takwas-takwas. 010 ta zama 8, ita kuwa 08 kuskure take jawowa.

`case` ba ya lissafa komai, siffar rubutun kawai yake kallo:

`case $n in ''|0*|*[!0123456789]*|?????*) exit 1;; esac`
`[ "$n" -le 4094 ] || exit 1`

Layin farko ya kori wofi, da sifilin gaba, da duk abin da ba alƙalami ba, da abin da ya kai alƙaluma 5, don kada wata ƙatuwar lamba ta rikita gwajin da ke biye. Sai bayan an tabbatar lamba ce zalla ake auna girmanta. Me ya sa 4094? Ƙa'idar 802.1Q bit 12 ta ware wa lambar VLAN, 0 da 4095 kuma keɓaɓɓu ne.

`[[ $n =~ ^[0-9]+$ ]]` ba ya aiwatar da umarni, amma yana barin sifilin gaba ya wuce, kuma ba na POSIX ba ne, wato ƙa'idar bai-ɗaya ta shell. A Debian da Ubuntu `/bin/sh` wani ƙaramin shell ne mai suna dash, bai san `[[` ba. Na'urorin OpenWrt (Linux na na'urorin rarraba intanet) kuma ba sa zuwa da bash. `case` yana aiki a dukansu.

Ka duba tsawon sunan `eth0.$n` ɗin ma, don Linux ba ya karɓar wanda ya wuce haruffa 15. Katin sadarwa na USB mai suna `enx` haɗe da adireshin MAC (lambar shaidar katin) ya riga ya cinye 15 ɗin, ƙara masa `.20` ba zai shiga ba. Irin wannan, sai ka sa masa `vlan20`.