Akwatin dodon koɗi: gilashin ya yi, amma dutsen da ke ciki ya kusa yi min ɓarna

Wata uku ke nan da na sayi akwatin gilashin nan da ake talla cewa an haɗa duk kayan kiwon dodon koɗi a cikinsa. Da a makon farko na rubuta wannan sharhi, da yabo zalla za ku karanta. Gilashin garau yake, ƙofofinsa biyu ta gaba suke buɗewa, ba sai na riƙa zura hannu ta sama ina firgita dabba ba. Dusar ɓawon kwakwa da suka sako a dunƙule kamar bulo, ina jiƙa ta ta kumbura ta cika bokiti. Har nan ba ni da ta cewa.

Dodon koɗina biyu ne, irin manyan nan na Afirka da masana ke kira Achatina fulica, kowanne kwansonsa ya doshi santimita 10. Babban cikinsu, Sarkin Nawa nake ce masa, kuma a kansa abin ya faru.

Cikin kayan akwai wani dutsen ado mai kogo, wai maɓoya. Ga nauyi, ga kaifi a gefe. A hoton da ke jikin kwali shi ne a tsakiya, ni ma sai na dasa shi a tsakiya yadda na gani. Abin da kwalin bai faɗa ba shi ne, wannan halitta da dare take harkarta, kuma ba ta da abin so kamar ta bi gilashi ta hau har sama, ta manne a murfi ta yi zamanta a kife. Wani lokaci sai ta saki ta faɗo. In a kan ƙasa mai laushi ta sauka, ko a jikinta. To ni dutse na ajiye mata, daidai inda za ta faɗo, daga tsayin da ya kai kamu biyu.

A dare na tara, wajen ƙarfe biyu, na ji ƙwas! Na haska fitilar waya, sai ga Sarkin Nawa a gindin dutse, ya shige ciki gaba ɗaya, kumfa na fitowa, ga tsaga ta taso daga bakin kwanso ta yi sama kamar tsawon gaɓar yatsa. Gabana ya faɗi. Wallahi ban sake runtsawa ba. Wanda bai taɓa kiwonsu ba zai ce don katantanwa ta tsage mene ne abin hana ido barci, amma kwanson nan ba riga ba ce da zai tuɓe ya sake wata. A manne yake da jikinsa, huhunsa da zuciyarsa duk a ciki suke. Allah ya taimake ni tsagar ta wajen baki ce, inda sabon kwanso ke tofowa, don da ta wajen tsini ce da labarin ya bambanta.

Na mayar da shi wani gajeren mazubin roba mai huda, na shimfiɗa takarda mai danshi, na daina ɗaukarsa kwata-kwata. A nan ne na gano cewa kayan da aka ce min cikakku ne ko ƙwayar kalsiyam babu a ciki, alhali da shi dabbar ke gina kwanso. Sai da na nemo farin ƙashin halittar tekun nan da ake rataya wa tsuntsaye a keji. Ya yi ta gwaguyarsa, har ana jin ƙarar kankara idan dare ya yi tsit. Bayan mako uku tsagar ta haɗe, sai tabo da ya rage, kuma da alama da shi zai zauna.

Na yi wa mai kayan magana cikin ladabi, na ce malam, a cire dutsen nan ko a rubuta gargaɗi. Ya ce in yi haƙuri, kowa haka yake saya. Shi ke nan amsar.

Na so in ba su tauraro huɗu saboda gilashin, amma yanzu da nake rubutu sai sauran abubuwa ke dawo min. Murfin raga ne zalla. Kome yawan feshin da na yi da safe, kafin yamma ƙasa ta bushe ta sama, ma'aunin danshi ya sauko wajen kashi 50 cikin ɗari, bayan abin da suke so 70 ne zuwa 80. Ƙaramin har ya taɓa toshe bakinsa da farin yauƙi busasshe ya kwanta, na ɗauka ya mutu, sai da na yayyafa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi ya fito da ƙahonninsa. Dole na rufe kashi biyu cikin uku na ragar da leda. Takardar bayani kuma ta ce a shimfiɗa tabarmar ɗumama a ƙarƙashin akwati. Haba! Dabbar da in zafi ya dame ta ƙasa take tonawa ta shige? A gefe ake manna ta, daga waje. Raina ya ba ni akwatin ƙadangare ne suka canza wa kwali.

Tauraro biyu, su ma na gilashi ne da ƙofa. Yanzu tukunyar shuka ta roba na kwantar a matsayin maɓoya, na ƙara zurfin ƙasa yadda babban zai iya binne kansa duka, na baza gansakuka a sama. Sun saba har sun fara zuba min ƙwai, kowane mako sai na tona ƙasa na duba. Dutsen kuwa yana nan, da shi nake tokare ƙofar ɗaki.