Jirgin ruwa ko babur, wanne ya fi wa ɗan ƙauyen bakin kogin Kwara?

In kana zaune a ƙauyukan bakin kogi wajen Yawuri ko Ngaski, ranar kasuwa hanya biyu ce gabanka, ko ka hau jirgi mai inji ko ka nemi ɗan acaba. Jirgi dai ya fi araha kuma shi ke ɗaukar kaya, buhun shinkafa, kwandon busasshen kifi, awaki, har babur ɗin ma ana ɗora shi a ciki, amma fa lodin da ake yi sai ka ga ruwa ya kusa taɓa bakin jirgin, ga kututturan itatuwa da suka nutse tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, in inji ya bugi ɗaya shikenan. Mutanen garin Wara da ke Ngaski ba su manta hatsarin jirgin ruwan da aka yi a 2021 ba. Rigar ruwa mai hana nutsewa kuwa ba kowa ke sawa ba.

Babur da rani lafiya lau, da damina kam laka har gwiwa, ku biya kuɗin mai sannan ku sauka ku tura. Ni dai in da kaya jirgi zan hau, da rana tsaka, in na ga lodi ya yi yawa in jira na gaba.