Ƙananan motocin ajiya: ta kanti, ta gwanjo ko ta maƙeri?

Wata Lahadi a kasuwar Gujungu na tarar da wani mai gwanjo ya zazzage buhun kayan wasan yara a kan leda: 'yar tsana babu hannu, bindigar roba, ƙwallo a sace. Cikin tarkacen na hango wata 'yar mota ja wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, fenti duk ya ɗaye. Da na ɗauka sai na ji nauyi a tafin hannuna. Na kifa ta, na goge cikinta da babban yatsa, sai ga sunan Lesney ya fito, da shaidar cewa a Ingila aka ƙera ta.

"Malam, yaro za ka kai wa?" in ji mai kayan.

"Ai ga yaron nan tsaye a gabanka, Alhaji," na ce da shi.

Ya yi dariya, ya ce in ba da abin da ya sawwaƙa. Abin da na ba shi bai kai kuɗin kwanon fura ba. Kamfanin Lesney shi ya fara ƙera motocin Matchbox a Landan a 1953, ya durƙushe a 1982, don haka duk motar da ka ga sunan nan a cikinta ta haura shekara arba'in a duniya. Tun da labarin nan ya zaga gari, samari da ma wasu dattawa da ke fakewa da jikoki suke tambayata wace ƙaramar motar ajiya za su saya. Amsata takan fara ne da wasu tambayoyin: a wane ɗaki za ka ajiye ta, kuma hannun wa zai riƙa taɓa ta?

Fara da batun girman motar, domin a nan mutane suka fi yin asara. Lambar da ake rubutawa a kwali, kamar 1:64 ko 1:18, tana nufin an rage motar gaskiya sau kaza. Ɗauki Fijo 504, wadda tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi. A 1:64 za ta dawo kamar santimita 7, a 1:43 kamar 10 da ɗoriya, a 1:24 ta kusa 19, a 1:18 kuwa ta kai 25, kusan tsawon takalmin babban mutum. Manyan motoci na ɗaukar kaya da katafila an fi yin su a 1:50, tantan ɗin noma kuma a 1:32. Wanda bai san wannan ba zai ga hoto a waya, mota ta cika fuskar allo, ya tura kuɗi, a kawo masa abin da zai shige kwalin ashana. Ni ma an taɓa yi mini, kuma da na koma na duba tallan, lambar tana nan a rubuce, ni ne ban karanta ba. Zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kansa. Jera tirela kusa da Fijo da ta fi ta girma, kamar a jera tinkiya ne da ta fi raƙumi tsayi.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, ƙananan nan na wajen 1:64 su ne mafari, kuma sunaye huɗu za ka fi cin karo da su. Hot Wheels na kamfanin Mattel na Amurka, wanda ya fito a 1968, don gudu aka yi shi: siririyar waya a tayoyi, fenti mai walƙiya, da yawansu ma motocin mafarki ne da babu irinsu a titi. Yara na son su, amma ni ba sa burge ni sosai. Matchbox, wanda shi ma ya koma hannun Mattel a 1997, ya fi karkata ga motocin aiki: tifa, motar kashe gobara, a-kori-kura, motar asibiti. Majorette ta Faransa ita ce ta fi kusa da abin da idonmu ya saba gani, saboda Fijo da Renault da Citroën, kuma da yawa ƙofofinsu na buɗewa, in ka danna bayanta za ka ji tana lotsawa kamar mai sifirin. Tomica ta Japan, tun 1970, ita ce gidan Toyota: Hilux, Hiace, Land Cruiser. Aikinta da tsabta, sai dai samunta a nan sai an sha wuya. Abu ɗaya da za ka sani shi ne waɗannan ƙanana ba sa bin ma'auni sau da ƙafa. Ana daidaita su ne da girman kwali, shi ya sa bas da ƙaramar mota kan zo tsawo ɗaya. Majorette da Tomica sukan rubuta ainihin ma'aunin kowace mota a cikinta, kuma wannan gaskiyar tana daga abin da ya sa nake ganin girmansu.

Akwai kuma marasa suna, masu cika kasuwa da Sallah. In ka kifa ba ka ga sunan kowa ba, ba nauyi, gilashi ma sitika ce aka manna, to ka saya wa yaro ya yi wasan kwana uku. Ba ta ajiya ba ce.

Manya na 1:24 da 1:18 su ne masu ɗaukar ido a falo. Na kamfanonin Maisto da Bburago sun fi sauƙin kuɗi, bonet na buɗewa, sitiyari na juya taya, sai dai mafi yawansu motocin tsere ne da na masu hannu da shuni. Wanda zuciyarsa ke kan 504, motar da aka fara a Faransa a 1968, aka riƙa haɗa ta a Kaduna daga 1975 har zuwa 2006, motar da ta kai amare ta kai marasa lafiya ta kai alhazai filin jirgi, to ta kamfanin Norev na Faransa zai nema, kuma ya shirya aljihu. Shawarata ita ce 1:43. Tana da cikakken fasali, fitila da bamba da madubi duk sun fito, amma guda goma za su zauna a kan katako ɗaya. Babba ta 1:18 kura take tarawa ta kowace kafa, kuma madubinta ne farkon abin da ke karyewa ranar da baƙi suka zo da yara. Manomi kuwa da ke son jar Massey Ferguson ko koriyar John Deere, ya duba Siku ta Jamus ko Britains ta Ingila. Waɗannan suna jure hannu.

Yanzu batun ƙarfe da roba, wanda a ƙauye ba ƙaramin batu ba ne. Motocin ƙarfen nan zubi ake yi, kamar yadda masu tukwane ke zuba narkakken alminiyo a ƙasa, sai dai su haɗin tutiya ne da ɗan alminiyo da ake kira zamak. Zafinmu ba ya yi wa ƙarfen komai. Akwai kuma waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, na roba, kai za ka haɗa ka yi fenti, irin na Tamiya ta Japan. A wajen kyau da fitar da ƙananan abubuwa babu kamarsu. Amma suna son gam na musamman mai narkar da roba, da fenti na musamman, da ɗakin da iska ba ta kaɗo ƙura. Na taɓa kwashe wata guda ina haɗa wata, na ɗora ta a gaban motar wani abokina za mu kai wa yayana ya gani, muka tsaya a Maigatari ranar Alhamis cikin watan Afrilu, muka kulle mota a rana muka shiga kara. Da muka dawo rufinta ya lanƙwashe kamar ganda a wuta. Laifina ne, amma ya koya mini cewa wanda ɗakinsa na kwano ne ba silin, ya fara da ƙarfe tukuna.

Sabuwa ko gwanjo? In ajiya kawai kake so, a cikin kwalinta, to sabuwa, kuma kada ka yaga kwalin, domin a wajen masu wannan harka kwali rabin daraja ne. In kuwa hannunka na ƙaiƙayi, gwanjo ta fi komai daɗi. Ana samu a buhunan kayan wasa a Ƙofar Wambai da Sabon Gari a Kano, jefi-jefi a kasuwannin mako irin su Wudil ranar Juma'a, har ma a wajen 'yan gwangwan in ka yi sabo da su. Kafin ka biya, ɗora ta a tafin hannu ka ga ko tayoyi huɗu na nan kuma iri ɗaya ne. Gara ta a kan benci: in ta karkata, wayar taya ta lanƙwashe, wannan mai sauƙi ne. Duba ginshiƙan da ke riƙe da rufi, in ɗaya ya tsage, bar ta, zamak ba ya karɓar walda irin ta bakin titi. Gilashin da ya dushe ana iya farfaɗo da shi, wanda ya fashe kuwa sai ka samo wata irinta ka cire. Fenti shi ne abu na ƙarshe da zai dame ka. Kuma kada mai kaya ya ruɗe ka da shekarar da ke rubuce a ciki. Yawanci shekarar da aka yi wa fasalin rajista ce, ana iya ci gaba da zuba shi shekaru da yawa bayan nan.

Gyaran kansa ba ya son kayan aiki masu yawa. Manya da sukuru ake ɗaure su, sukurudireba ta isa. Ƙanana kuwa ƙusa biyu ce aka daddale kanta, sai an huda. Ni wajen wani dattijo mai gyaran agogo da rediyo nake kaiwa. Ranar farko ya juya motar, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ɗan nan, da girmanka?" Na ce, "Baba, a taimaka." Ya ɗauko ɗan abin hudarsa na hannu, ya riƙa murzawa a hankali har kan ƙusar ya fita kamar ɓawon gyaɗa, bodi ya rabu da gindi. Yanzu in na daɗe ban je ba, shi yake aiko jikansa ya tambaya ko babu aiki. Daga nan sai ka ware gilashi da kujeru gefe, ka wanke su da ruwan sabulu da tsohon buroshi. Fetur ko tina kada su kusanci gilashin, nan take zai yi fari ya lalace. Makilin da ƙyalle mai laushi su ke fitar da ƙarzuwa. Bodin ƙarfe shi ake cire wa tsohon fenti, a bi shi da sanfefa mai laushi, a fesa fentin shimfiɗa, sannan launi, shafi biyu ko uku marasa kauri, daga nesa kamar taƙi guda. Mai gaggawa ya fesa da yawa lokaci ɗaya, sai fenti ya cike layin ƙofa, mota ta koma kamar alewa. Kada ka yi feshi ranar da hazo ya sauka. In dole ne, yayyafa ruwa a ƙasa, ka kifa kwali a kai da zarar ka gama. Fitila da lamba da tsinken sakace ake ɗiga su. Sufa gulu kuma ka nisanta shi da gilashi, tururinsa na barin farin tabo.

Sai dai ba kowace tsohuwa ake yi wa fenti ba. Jar nan ta Gujungu wanka kawai na yi mata. Tsohuwar Lesney, ko ta Dinky ko Corgi, su ma tsofaffin sunaye ne na Ingila a wannan harka, da ta riƙe yawancin fentinta na asali ta fi daraja a haka. Sabon fenti rage mata kuɗi yake yi. Kuma irin waɗannan tsofaffi ba na hannun yaro mai kai komai baki ba ne.

Saura motar da ta sa yawancinmu muka shiga wannan harka, wadda kuma babu kantin da zai sayar maka: gingimarin Marsandi 911 mai bodin katako, da zanen ɗawisu da zaki a baya, da "Allah Ya kiyaye hanya" a goshi, karen mota na lilo a tsani. Turawa na yin kan motar, amma da bodinsu na can. Hanya biyu gare ka. Ko ka samo babbar mota ta ƙarfe a gwanjo, ka cire bayanta, ka gina bodi da siraran katako ko tsinken tsire, ka zana da kanka. Ko ka je wajen mai yin fitila da mazurari da gwangwani, ka kai masa hoto da tsawon da kake so, ya yanka maka da langa-langa, taya kuma a fafe ta daga tsohon silifas kamar yadda muke yi muna yara. Ta maƙeri ba za ta bi ma'auni daidai ba, kuma takan yi tsatsa da damina in ba a yi mata fenti ciki da waje ba. Amma duk baƙon da ya shigo ɗakina, wajenta yake fara nufa, ya wuce na Japan da na Faransa. Ta kara kuwa, wadda muka fara da ita bayan an yi girbin dawa, kyauta ce, sai dai gara ba ta barin ta ta ga kaka biyu.

In za ka saya ta intanet, nemi hoton cikin motar da kuma hotonta kusa da abin da ka san girmansa, kamar kwalin ashana ko biro. Lissafa kuɗin kawowa, domin a kan ƙaramar mota guda ɗaya yakan fi kuɗinta, gara ku haɗu ku uku ku yi oda tare, a sauke a Kano ko Dutse, direban garinku ya taho da ita.

Kuma tun kafin mota ta biyar, ka ware kuɗin kafinta. Ƙaramar durowa mai gilashi da makulli, a rataye a bango nesa da taga da kuma inda rufi ke yoyo. Rana na cinye jan fenti, tayar roba mai laushi kan manne da robar da aka ɗora ta a kai in zafi ya yi yawa, kwalaye kuma abincin gara da ɓera ne, don haka a cikin bokitin roba mai murfi nake zuba nawa. Makullin durowata a aljihuna yake kwana. A ƙasanta na ajiye wani tsohon kwanon sha da Hot Wheels shida a ciki, waɗanda duk yaron da ya shigo yana da izinin ɗauka ya gara a tsakar gida. Jiya da magariba na ƙirga, biyar ne.